Amanar Mai Kwafi: Hoto da Sauti da Suturar Faifan Katun na Japan

Laccar da aka gabatar a zauren taron ɗalibai



Muna godiya ga ƙungiya da ta ba mu wannan dama ta tsayawa a gabanku. Mun sani akwai waɗanda da suka ga kan wannan lacca a allon sanarwa suka yi murmushi, suka ce yau kuma katun aka zo yi wa lacca a jami'a, abin da ake kunna wa yara don manya su sami sukuni. Ba mu ga laifinsu ba. Sai dai muna roƙon su ba mu aron kunnuwansu na ɗan lokaci, domin abin da za mu tattauna ya shafi duk wanda ya taɓa cire kuɗinsa ya sayi kwafin wani aiki, littafi ne ko waƙa ko fim. Tambayar ita ce, shin abin da ya iso hannunmu shi ne ainihin abin da mai aikin ya yi, ko kuwa an taɓa shi a hanya?

Kakanninmu sun san wannan tambaya tun kafin injin ɗab'i ya zo ƙasar nan. Da hannu ake kwafar littafi, kuma ana sanin marubucin kirki ne da cewa bai ƙara ba, bai rage ba. In ya gama sai a yi wa littafin tadarishi, a saka shi cikin gafaka don kada ƙura da gara su ci shi. Watau dai a wurinsu kwafi amana ce. Da wannan ma'auni za mu auna kamfanonin da ke sayar da katun na Japan, wanda duniya ta sani da sunan anime, ta fuskoki uku: hoto, da sauti, da sutura. Mun zaɓi Japan ne domin masu kallon anime sun yi suna wajen bin diddigin abin da ake sayar musu, saboda haka tarihin amanar da aka riƙe da wadda aka ci a rubuce yake.

Daga gidan silima zuwa ɗaki

Kafin tsakiyar shekarun 1970, wanda ya kuskure fim a silima ko a talabijin ya kuskure ke nan, sai in an maimaita. A 1975 kamfanin Sony ya fito da kaset ɗin Betamax, a 1976 kuma kamfanin JVC ya fito da VHS, wanda shi ne ya ci kasuwa daga baya. A 1981 kamfanin Pioneer ya shigo da LaserDisc kasuwar Japan, wani faifai mai faɗin santimita 30, kamar faifan garmaho, wanda kaifin hotonsa ya kusa ninka na kaset. Sa'an nan DVD ya biyo baya a 1996, Blu-ray a 2006, da faifan 4K a 2016.

Wannan sauyi ya haifar da sabon ciniki. A 1983 aka fito da Dallos na Mamoru Oshii, wanda ake lissafawa a matsayin anime na farko da aka yi domin sayarwa a kaset kai tsaye, ba tare da ya bi ta silima ko talabijin ba. A 1987 kuwa aka tattara shirin Urusei Yatsura a akwati guda mai faifai 50 na LaserDisc, aka sa masa kuɗi yen 330,000, mutane kuma suka saya. Daga nan masu sana'ar suka gane cewa akwai masu kallo da ke son mallakar aikin, su ajiye shi a ɗaki, su riƙa dubansa hoto bayan hoto. Mai saye irin wannan, in an yi masa ha'inci yana gani.

Hoto

Domin mu fahimci inda ake cin amanar hoto, tilas ne mu san yadda ake yin sa. Har zuwa ƙarshen shekarun 1990, da hannu ake zana yawancin anime, a shafa fenti a kan fallen roba mai haske kamar gilashi, wanda masu sana'ar ke kira sel. Sai a ɗora shi a kan zanen bango, a ɗauke shi da kyamara a kan fim, galibi mai faɗin milimita 16 in na talabijin ne, ko 35 in na silima ne. Wannan fim na asali shi za mu kira uwar fim. Yana da wani ɗigo-ɗigo mai kama da rairayi, wanda ya samo asali daga sinadarin da ke jikin fim ɗin. Ɗigon nan ba datti ba ne, domin a cikinsa ne siraran layukan zane suke zaune.

Babban misalinmu shi ne Dragon Ball Z, wanda kamfanin Toei ya shirya, aka nuna shi a Japan daga 1989 zuwa 1996, kashi 291. An zana shi ne domin akwatin talabijin na wancan zamani, mai faɗi huɗu da tsayi uku. A 2003 aka fito da shi a Japan cikin manyan akwatuna biyu masu suna Dragon Box, da siffarsa ta asali. Amma a 2007, da kamfanin Funimation na Amurka ya tashi sayar da shi a DVD, sai ya ga mutane sun koma ga talabijin mai faɗin allo. Don hoton ya cika allon, sai aka datse sama da ƙasa, aka zubar da wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da masu zane suka zana. A wasu wurare ƙoƙon kan mutum ya tafi, a wasu haɓarsa. Bugu da ƙari aka sa na'ura ta goge ɗigon nan mai kama da rairayi, ita kuwa na'ura ba ta bambance ɗigo da layin zane, sai ta haɗa da layukan ta share, musamman inda hoto ke girgiza. Garin neman gira aka rasa ido. A 2011 kamfanin ya fara fito da shi a Blu-ray da cikakkiyar siffarsa da ɗigonsa, masu kallo suka yaba, amma bayan kundi biyu kacal sai aka dakatar da aikin a farkon 2012, aka ce gyaran ya yi tsada. Da aka dawo da shirin bayan haka, sai aka sake datse shi.

Launi ma amana ne. Fim ɗin Hayao Miyazaki mai suna Spirited Away ya fito a 2001, ya kuma ci kyautar Oscar a 2003. Da aka fito da DVD ɗinsa a Japan a watan Yuli na 2002, sai masu saye suka ga hoton ya rine da ja-ja, farin bango ya koma kamar an shafa masa jar ƙasa. Kamfanin da ya rarraba faifan, Buena Vista, wanda reshe ne na Disney, ya ce ba lahani ba ne, da sani aka daidaita launin haka. Wasu masu saye ba su yarda ba, suka kai ƙara kotu a Kiyoto a ƙarshen 2002, aka yi sulhu a 2004. Da Blu-ray ɗin fim ɗin ya fito a 2014, babu jan nan a cikinsa. Ku dubi wannan al'amari da kyau: mutane sun je gaban alƙali a kan launin katun, domin sun ga fim ɗin a silima da idanunsu, sun kuma san abin da aka ba su ba shi ba ne.

Akwai kuma wani abin mamaki da ya kamata ɗaliban kimiyya su lura da shi. Wajen shekarar 2000 masu sana'ar suka bar fenti da fim suka koma kwamfuta. Shiri na ƙarshe da ya riƙe sel a talabijin shi ne Sazae-san, wanda shi ma ya bari a 2013. To, yawancin shirye-shiryen farkon zamanin kwamfuta an yi su ne a kan layuka 480 kawai, daidai da talabijin na lokacin, kuma ba su da uwar fim da za a koma gare ta. Faifan Blu-ray yana ɗaukar layuka 1080, na 4K kuwa 2160. Saboda haka in an ce an fito da irin wannan shiri a Blu-ray, buɗa hoton kawai aka yi, kamar a faɗaɗa ƙaramin hoton fasfo. Alhali kuwa fim ɗin da aka ɗauka a 1988 ana iya komawa ga uwarsa a sake ɗebo hoto mai kaifi ƙwarai. Ga shi tsoho ya fi sabo kyan gani, da tsohuwar zuma ake magani. Amma sharaɗin shi ne a adana uwar. Shirin Evangelion na 1995 an rasa uwar fim ta kashi na 16, shi ya sa wannan kashi bai kai sauran kyau ba a Blu-ray ɗin 2015.

Sauti

Ido yakan kama aibu nan take, kunne kuwa sai ya ji na asali kafin ya san abin da ya rasa. Mu koma ga Dragon Ball Z. Sautin da aka watsa a talabijin a Japan ya fito ne daga kaset na maganaɗisu mai tsabta. Bayan an watsa, ba a adana waɗannan kaset ba, domin a lokacin ba wanda ya zaci za a sake neman su. Abin da ya rage shi ne siririn layin sauti da ke gefen fim mai milimita 16, wanda muryarsa a dishe take, kamar mai magana ta bayan ƙyaure. Wannan disasshen sauti shi ne a cikin faifan da aka sayar, har da akwatuna masu tsada na 2003. Sautin kirki kuwa a ina aka same shi? A ɗakunan talakawan masu kallo, waɗanda suka naɗi shirin a kaset ɗin gida ranar da aka watsa shi. Masoya shirin suka bi su ɗaya bayan ɗaya suka tattara. Abin da kamfani ya zubar, mai kallo ne ya tsince shi.

A ɗaya gefen kuma ga Akira na Katsuhiro Otomo, wanda ya fito a 1988. Mai kiɗansa, Shoji Yamashiro, masanin kimiyya ne, sunansa na asali Tsutomu Ohashi, kuma yana da ra'ayin cewa sautin da ya wuce jin kunne yana yin tasiri a ƙwaƙwalwa. Da aka fito da Blu-ray ɗin fim ɗin a 2009, an ɗebo sautin sau 192,000 a kowace daƙiƙa, alhali faifan CD sau 44,100 yake ɗebowa. Masana suna da saɓani a kan ra'ayin nasa, domin kunnen ɗan Adam ba ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa. Amma ko ba komai, an nuna abin da kan yiwu in an adana uwar sauti, aka kuma kira mai aikin ya tsaya a kan kwafinsa.

Wani lokaci kuma ba sakaci ne ke taɓa sauti ba, lissafi ne. Fim yana gudu da hotuna 24 a daƙiƙa, amma tsarin talabijin na PAL, wanda Turai da Nijeriya suka bi, 25 yake buƙata. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara wa fim ɗin gudu da wajen kashi 4 cikin 100. Sai fim mai minti 100 ya koma 96, muryoyi da kiɗa su ɗan ƙara tsini. Wani lokaci kuwa haƙƙin mallaka ne. Evangelion yana rufe kowane kashi da wata tsohuwar waƙar Amurka mai suna Fly Me to the Moon. Da Netflix ya sa shirin a 2019, an cire waƙar a wajen Japan, haka kuma Blu-ray ɗin Amurka na 2021 ya fito babu ita. Wanda bai san shirin tun asali ba, ba zai taɓa sanin an ɗauke masa wani abu ba.

Sutura

Sutura ita ce kwali da marufi da duk abin da ke rakiyar faifai. A nan Japanawa gwanaye ne. Sukan yi wa kwali wata ɗamara ta takarda da suke kira obi, watau sunan ɗamarar tufafinsu na gargajiya, inda ake rubuta farashi da bayani, kuma masu tara faifai ba sa yar da ita. A ciki akan sami ɗan littafi mai zanen farko na masu aikin, da hira da darekta, wani lokaci da faifan kiɗa, ko takardar neman shiga wani biki.

Wannan ado yana da dalili. A shekarun 2000 da na 2010, yawancin anime da ake nunawa da tsakar dare haɗin gwiwar kamfanoni ne ke zuba musu kuɗi, kuma daga cinikin faifai suke sa ran mayar da babban rabo na jarinsu. Shiri mai kashi 12 ko 13 akan raba shi kundi shida ko makamancin haka, kowane kundi da kashi biyu, a kan yen 6,000 zuwa 8,000. Wanda za a karɓi irin wannan kuɗi a hannunsa dole a ba shi abin da bai gani a talabijin ba. Shi ya sa akan gyara zanen da aka yi cikin gaggawa kafin a sa shi a faifai, kamar yadda aka sake zana wurare a kashi na 5 na Dragon Ball Super, wanda ya sha suka da aka nuna shi a 2015. Irin wannan gyara ba mu kira shi cin amana ba, domin masu aikin ne da kansu suka cika abin da lokaci ya hana su.

Tsadar nan kuma ta haifar da wata matsala. A tsarin Blu-ray, Japan da Amurka shiyya ɗaya suke, watau faifan Amurka yana yi a na'urar Japan, ga shi kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Don kada Japanawa su riƙa sayowa daga waje, sai masu haƙƙin suka riƙa gindaya sharuɗɗa: a jinkirta fitowar na waje, ko a kulle rubutun fassara yadda ba ya ciruwa. A 2012 har an fito da Blu-ray na Persona 4 a Amurka babu muryar Japananci sam. Mai saye ya biya kuɗinsa cikakke, an ba shi ragaggen kaya da gangan.

Mafi munin abin da sutura kan yi shi ne ƙarya. Nausicaä na Miyazaki, wanda ya fito a 1984, labari ne na wata yarinya da ke neman sulhu tsakanin mutane da dajin da ya gurɓace. A 1985 kamfanin New World Pictures ya fito da shi a Amurka da sunan Warriors of the Wind, bayan an yanke fiye da minti 20, an sauya wa yarinyar suna. A bangon kaset ɗin aka zana wasu jarumai maza riƙe da makamai, waɗanda ba sa cikin fim ɗin ko kaɗan. Wannan shi ne kitso da ƙwarƙwata. Abin ya ƙona ran Miyazaki da abokan aikinsa na Studio Ghibli, har suka kafa ƙa'idar cewa ba mai sake yanke musu fim. An ruwaito cewa da aka so rage Princess Mononoke na 1997 a Amurka, furodusa Toshio Suzuki takobi ya miƙa wa shugaban kamfanin Miramax, da saƙon cewa kada a yanke komai.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce duk wannan rigimar masu kuɗi ce a Tokiyo da Amurka. To, mu duba gida. Da yawa daga cikin iyayenmu da yayyenmu sun tashi da kallon Voltron a talabijin na Nijeriya, ba tare da sanin cewa asalinsa shirin Japan ne mai suna GoLion na 1981, wanda aka yanke, aka sauya wa labari a Amurka a 1984 ba. Bayan haka muka shiga zamanin faifan da ake cusa wa finafinai goma ko ashirin, hoto ya dagule, fuska ta zama dabbare-dabbare, fassara ta yi gabas magana ta yi yamma. Mun saba da kwafin kwafin kwafi har mun ɗauka haka abin yake. Araha ba ta ado.

Yau kuma yawancinmu ta intanet muke kallo a waya, kuma lalle akwai sauƙi a ciki. Amma a watan Afrilu na 2024 aka rufe manhajar Funimation aka haɗe ta da Crunchyroll, aka kuma sanar da cewa kwafin intanet da mutane suka samu tare da faifan da suka saya ba zai bi su zuwa sabon gidan ba. Wanda ke da faifai a kan kanta bai rasa komai ba, wanda ya dogara da na intanet ya wayi gari hannu wofi. Kayan aro ba ya rufe katara. Shi ma faifan ba dawwamamme ba ne: LaserDisc yakan ruɓe daga ciki, kaset yakan yi funfuna, kuma an daina ƙera na'urar LaserDisc a 2009, ta VHS a 2016.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Finafinan Hausa na bidiyo a kaset suka fara, tun daga Turmin Danya na 1990, sa'an nan suka koma faifai. Ƙasarmu ga zafi ga ƙura, na'urorin kunna kaset kuma suna ƙarewa. In kamfani mai ƙarfi irin Toei ya iya rasa uwar sautin shahararren shirinsa, me muke zato game da kaset ɗin da ke jibge a shaguna da ɗakunan ajiya a Kano da Kaduna da Jos? Ranar da ɗalibin Hausa zai tashi rubuta tarihin fim ɗinmu nan da shekara hamsin, me zai tarar?

Kammalawa

A taƙaice, 'yan'uwa, muna ba da shawara uku. Ta farko, mu koyi tambaya kafin mu saya ko mu yaba, don kada mu yi cinikin biri a sama: an bar hoton da siffarsa da launinsa? Muryar asali tana nan? An yanke wani abu? Abin da ke bango shi ne a ciki? Ƙyalli da santsin hoto ba su ne shaidar inganci ba, shaidar ita ce kusanci da abin da mai aikin ya yi. Ta biyu, duk wanda ke da tsohon kaset a gida, na fim ne ko na waƙa ko na wasan kwaikwayon talabijin, kada ya zubar. Mai yiwuwa ne kwafin da ke hannunsa shi kaɗai ya rage, kamar yadda ya faru ga masu kallon Japan. Ta uku, muna kira ga ƙungiyar nan da ta haɗa kai da sashen harsuna da ɗakin karatu, a fara tattara irin waɗannan kaset, a juye su zuwa kwamfuta yadda suke, ba gogewa ba datsewa, a rubuta sunan aiki da shekararsa da inda aka samo shi, a kuma adana na asalin.

Yawancinmu ba za mu zama masu zane ko masu shirya fim ba. Amma kusan kowannenmu zai zama mai kwafi wata rana, malami ne ko ɗan jarida ko mai fassara ko ma'ajin takardu, aikin wani zai bi ta hannunsa zuwa ga waɗanda ba su ga na asali ba. Allah ya sa mu miƙa shi yadda muka karɓe shi.